Dattijo da Rahoton Gada

Dattijo ya sa hannu a rahoton gada ranar wata Talata. Bayan wata takwas gadar ta karye da motar fasinja a kanta, mutum goma sha tara suka mutu a ruwa. Da masu bincike suka buɗe takardu sai ga rahoton. Ya ce kwamitin ayyuka na majalisar ƙasa ya je wurin, ya gani da idonsa, gada lafiyarta ƙalau, za ta ƙara shekara ashirin. A shafin ƙarshe ga sa hannun shugaban kwamiti. Alhali babu wanda ya je.

Shekara talatin da ɗaya Dattijo ya yi a majalisa. Sau takwas ana zaɓensa. Babu wanda ya kai shi daɗewa a zauren, shi ya sa ko shugaban majalisa ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce, "Dattijo na da magana," kowa ya yi tsit. Kafin nan ɗan dako ne a tashar kaya ta jirgin ƙasa. Shekara goma sha biyu yana ɗaukar buhu a wuya, ya zama shugaban ƙungiyar 'yan dako, daga nan suka tura shi majalisa. Dokar da ta hana a ɗora wa mutum buhun da ya wuce kilo hamsin shi ya kawo ta. Shekara shida ya yi yana faɗa a kanta da masu manyan sito kafin ta wuce. Har yau a tashoshi dokar Dattijo ake ce mata.

Bai iya karatu ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya san haka, akawunsa, wanda kowa ke kira Tabarau.

Tabarau akawun sikeli ne a tashar tun Dattijo yana dako. Ranar da aka ci zaɓen farko Dattijo ya same shi a bayan sito ya ce, "Kai kana da ido, ni ina da baki. Taso mu tafi." Ya ajiye aikinsa ya bi shi. Tun daga ranar tsarinsu bai canza ba. Ƙarfe bakwai na safe, kafin masu shara su gama, su shiga ofis su murza makulli. Tabarau ya zauna a kujerar kusa da taga ya karanta duk takardar da ta shigo, a hankali, da murya ƙasa-ƙasa. Dattijo ya rufe ido ya haɗa hannuwa a kan ciki. Sau ɗaya ya ishe shi. In takardar ta yi tsawo, sau biyu. Allah ya ba shi kai irin wanda ba ya zubar da abin da aka zuba masa. Ƙarfe goma ya shiga zaure da takarda a hannu, ya miƙe ya ce, "Sashe na tara, layi na huɗu, ku duba," manyan lauyoyin majalisa su hau laluben shafi, su tarar haka ne. Ministoci sun sha gumi a gabansa. Akwai wanda ya ce ya gwammace ya shiga hannun likitan haƙori da ya shiga kwamitin Dattijo.

Sa hannu kuwa Tabarau ya koya masa cikin mako uku, a bayan tsofaffin takardun awo. Inda za a sa, Tabarau yakan yi ɗigo da fensir. In babu ɗigo babu sa hannu, ko wane ne ya aiko. In an tare shi a hanya an miƙo masa takarda, sai ya shafa aljihu ya ce ya bar tabarau ɗinsa a ofis. Mutane su yi dariya su ce to a kira akawu. Da haka sunan ya bi akawun har ya danne nasa na gaskiya.

Sau biyu Tabarau ya kawo littafin koyon karatu. Na farko Dattijo ya ce a bari sai an gama zaɓe. Na biyu ya jefa shi kwandon shara. "Da furfurata zan zauna ina ba, bi, bu? In masinja ya leƙo fa?"

Ranar Talatar nan aka shiga da matar Tabarau ɗakin tiyata. Dattijo da kansa ya kore shi daga ofis. "Tafi wurin matarka. Majalisa ba za ta rushe don kwana ɗaya ba." Ya tafi. Abin da ya faru a bayansa sai daga baya ya ji shi, guntu-guntu, daga bakin shaidu.

An tashi taron kwamiti ke nan sakataren kwamiti ya ajiye takarda a gaban Dattijo, ya ce rahoton ziyara ne, ma'aikatar ayyuka na jira kafin ƙarfe huɗu. Kwamitin kuwa ya kai ziyara a watan, wata hanya suka je dubawa, Dattijo ya taka ta da ƙafarsa. Ya ɗauka ita ce. Duk da haka ya shafa aljihu ya ce ya bar tabarau ɗinsa. Sai wani sabon ɗan majalisa, mai son a san da shi, ya zare nasa ya miƙo da hannu biyu. "Ga nawa, Baba. Na karatu ne, ai duk ɗaya suke." 'Yan majalisa biyar na zaune suna kallo.

Da ya ce a bari sai gobe, da shi ke nan. Amma an riga an miƙo, kuma Dattijo mutum ne da ya gwammace a mare shi da a yi masa kallon tambaya. Ya karɓa ya maƙala. Minti goma yana buɗe shafi. Ya haɗe gira a na uku. Ya koma baya ya sake duba na biyu. Ya gyaɗa kai. Da ya kai na goma sha ɗaya ya ga layi a ƙasa, ya ce, "Aiki ya yi kyau," ya sa hannu. Washegari bai gaya wa Tabarau ba. Kunya ta hana shi.

Ranar da majalisa ta zauna cire wa Dattijo rigar kariya Tabarau yana tsaye a bayan zaure, inda akawuna ke tsayawa. Ya ga hannuwa suna tashi. Akwai waɗanda Dattijo ya nuna wa hanyar banɗaki ranar da suka fara zuwa ginin. Akwai wanda ya taɓa cetowa daga kora. Sabon nan mai tabarau shi ya fara ɗagawa. Dattijo ya miƙe. Ya tattara takardun gabansa, ya daidaita gefensu a kan tebur kamar kullum, ya fita ta tsakiyar zaure, ba ta gefe ba. 'Yan sanda biyu na jiransa a gindin matakala.

Tuhumar ita ce ya sa hannu a kan ƙarya yana sane, ƙaryar kuma ta ci rai goma sha tara. Hukuncinta shekara goma. Shekararsa saba'in da shida, ga ciwon zuciya. An hana beli don gari ya ɗauki zafi. Sakataren kwamiti, wanda kowa ya san bakinsu ɗaya da ɗan kwangilar da ya kamata ya gyara gadar, ya rikiɗe ya zama shaidan gwamnati. Ya ce shi ɗan aike ne, abin da shugaba ya amince da shi ya kai. 'Yan majalisa biyar suka rantse sun ga Dattijo ya karanta shafi bayan shafi, har ya koma baya. Ba su yi ƙarya ba. Abin da suka gani ke nan.

Litinin da Alhamis ake ziyara a gidan yarin. Ɗakin ziyarar dogon tebur ne da aka kafe da ƙusa a ƙasa, benci biyu, taga ɗaya can sama, gandiroba a bakin ƙofa. Ranar farko Dattijo ko gaisuwa bai amsa ba.

"Ka zo da shi?"

"Da me, Maigida?"

"Abin da na sa wa hannu. Ai ya kamata in ji abin da na ce."

Alhamis Tabarau ya zo da kwafi. Ya karanta ƙasa-ƙasa kamar a ofis. Gandiroba ya ɗauka idon tsoho ne ya yi rauni, bai kula ba. Dattijo ya rufe ido har aka kai ƙarshe.

"Wanda ya rubuta wannan gwanin ƙarya ne," in ji shi. "Har da kaurin rodi. Sake."

Tabarau ya sake. Ziyara ta gaba ma haka, sau biyu, wani lokaci sau uku. Abin ya ba shi mamaki, don Dattijo bai taɓa bukatar a maimaita masa abu haka ba. Ya ce a ransa ko tsufa ne ya fara taɓa kan, ko kuma wata kafa yake nema da zai kare kansa. Bai tambaya ba. Ba a tambayar Dattijo dalili.

Rana ɗaya ya ce a bar rahoton, a karanta masa sunayen mamatan. Tabarau ya ciro jarida ya karanta, kowa da shekarunsa da sana'arsa. Akwai malamar makaranta. Akwai mace da 'ya'yanta biyu. Akwai direban da kwandastansa.

"Na goma sha huɗu, me aka ce sana'arsa?"

"Dako, Maigida."

Dattijo ya daɗe yana kallon teburin. Tabarau ya naɗe jaridar.

"Maigida, da ban je asibitin nan ba..."

"Da matarka ta farka ba ta gan ka ba. Rufe mini baki."

Wata biyu Tabarau yana juya magana a ransa. Yana ganin ƙafafun Dattijo suna kumbura, takalmi ya daina shiga, sai silifa. Yana ganin yadda yake tsayawa ya huta tsakanin ƙofa da benci, taku bakwai kacal. Ranar wata Laraba da tsakar rana ya tafi asibitin yara inda babbar 'yar Dattijo ke aiki. Likita kowa ke ce mata. A hannunsa ta girma, shi ya fara kai ta makaranta a bayan keke. Ya same ta a ɗan ofishinta, ga sikelin awon jarirai a gefe, ga warin magani.

"Kawu, lafiya? Jikin Baba ne?"

"Rufe ƙofar, 'yata. Zauna."

Ya faɗa mata a taƙaice. Ta yi dariya.

"Kawu, yau kuma da zolaya ka zo? Baban da ke gyara wa lauyoyi doka?"

Bai yi dariya ba. Ita ma tata ta tsaya.

"To sakamakon jarrabawata fa? Yana riƙewa ya duba ya ce lissafi ya yi ƙasa."

"Makarantarku na aiko da kwafi ofis. Kafin ki kawo masa na riga na karanta."

"Wasiƙun da nake aiko masa ina karatu a waje?"

"Ni nake karantawa. Shi ya faɗi amsa, ni in rubuta."

Wani jariri yana ta tsala kuka a ɗakin kusa.

"Har wadda na rubuta lokacin da aurena ya mutu?"

Tabarau ya mayar da idonsa kan sikelin. "Sau uku ya sa na karanta masa ita. A ta uku ya ce in fita in ja ƙofa."

Ta rufe fuska da tafin hannu. Ba ta daɗe ba ta miƙe, ta cire farar rigar aiki, ta ɗauki makullin mota. "Tashi, Kawu. Wurin Lauya za mu."

Lauya, mai kare Dattijo a shari'ar, ɗan gajeren mutum ne mai yawan magana, amma ya saurare su har ƙarshe. Ya tashi ya kashe fanka, ya sake kunna ta. Sannan ya ce, "Duk shari'ar nan a kan abu ɗaya take tsaye, cewa ya san abin da ke cikin takardar. In kotu ta yarda bai iya karatu ba, to yaudararsa aka yi, sakatare ne zai amsa tambaya. Shi sakaci za a ce ya yi. Sakaci kuwa, da shekarunsa da ciwonsa, gida zai koma. Kawu, me ya sa ka bari har yanzu?"

"Ba maganata ba ce," in ji Tabarau.

Alhamis su uku suka je. Dattijo ya saurari Lauya har ya gama, bai ko dube shi ba. Tabarau yake kallo.

"Kai ne."

"Ni ne, Maigida."

"Shekara talatin da ɗaya bakinka a ɗinke. Na ɗauka amana ce. Ashe zare ne, ga shi ya tsinke."

"Baba," in ji Likita, "ba abin kunya ba ne. Rabin mutanen da suka zaɓe ka ba su iya ba."

"Shi ya sa suka zaɓe ni, Uwata. Sun ɗauka sun tura wanda ya iya."

Lauya ya matso. "Ranka ya daɗe, shekara goma ce fa."

"Na iya ƙirge, Lauya. Wannan kam na iya." Ya ja numfashi da ƙyar. "In na tashi na ce ban iya ba, gobe masu sito za su ce dokar buhu jahili ne ya kawo ta, bai ma san abin da ke ciki ba. Shekara ashirin suna neman ƙofa."

"Doka ba ta faɗuwa a kan haka, ranka ya daɗe."

"Kai ka san takarda, ni na san mutane. Ba faɗuwa za ta yi ba, dariya za a yi mata, daga dariya sai a fara ƙara kilo biyar. Kuma duk ministan da na taɓa tsayarwa na ce ya koma ya karanta aikinsa, zai fito gidan rediyo ya wanke kansa da ni."

"To su yi mana!" Likita ta buga tebur. "Su yi dariyarsu kana kwance a gadonka. Baba, a nan za ka mutu."

"A wani wuri dai zan mutu." Ya juya ya dube ta, muryarsa ta sauka. "Uwata, goma sha tara ɗin nan, in na ce ban karanta ba za su fito daga ruwa? Na zauna a kujerar da ke bukatar ido, ba ni da ido. Wa ya tilasta ni? Sau takwas ina zuwa da ƙafata ina roƙo a mayar da ni."

Ya dafa tebur ya miƙe, ya nuna Tabarau da yatsa.

"Kai kuma kar ka sake zuwa. In ka zo zan sa a ce maka na fita."

Gandiroba ya fara dariya, ya ga fuskokinsu, ya haɗiye ta.

Mako uku Tabarau bai je ba. Ya je majalisa ya kwashe kayan ofis a kwali, don an riga an ba wani ɗakin. Kujerar kusa da taga sabon akawu ya ɗora mata na'urar buga takardu. A gida ya kasa cin abinci. Ƙarfe bakwai na safe sai matarsa ta same shi zaune a bakin gado da takalmi a ƙafa, babu inda za shi.

"Ni aka yi wa tiyata, kai kake ramewa," in ji ta. Ya gaya mata komai, tunda magana ta riga ta fita. Ta daɗe tana kallonsa. "Wato don ka zauna a bakin gadona mutumin nan zai mutu a kurkuku? Malam, ba zan ɗauki wannan ba. Ka faɗa. Ya tsane ka yana gidansa ya fi ya yarda da kai yana can."

Lauya ya ce ba zai iya kiransa shaida ba tunda Dattijo ya hana. Amma lauyan gwamnati ya kira shi da kansa, don ya tabbatar wa kotu sa hannun.

Ranar shari'a kotu ta cika har taga. A hagu dangin mamata. A gaba 'yan jarida. Can baya 'yan dako, tsofaffi da sababbi, da kayan aikinsu a jiki, sun bar tasha sun zo. Alƙaliyar dattijuwa ce marar son ɓata lokaci. Dattijo na zaune a akwatin wanda ake tuhuma, an ba shi kujera saboda ƙafafunsa. Tabarau ya shiga akwatin shaida ya rantse. Masinja ya kawo masa rahoton, a buɗe a shafin ƙarshe.

"Ka san wannan sa hannun?" in ji lauyan gwamnati.

"Na sani. Na maigidana ne."

"Ka tabbata?"

"Ni na koya masa shi."

Lauyan ya ɗago kai. "Me kake nufi?"

Tabarau ya riƙe katakon gabansa. Bai dubi inda Dattijo yake ba.

"Bai iya karatu ba. Bai taɓa iyawa ba. Duk takardar da ta shiga ofishinmu shekara talatin da ɗaya ni na karanta masa. Wannan ce kaɗai ban karanta ba, ina asibiti wurin matata. Ce masa aka yi rahoton ziyara ne, ya ɗauka na hanya ne."

Wani ya fashe da dariya a gaba. 'Yan jarida suka duƙufa rubutu. Can baya kuwa ko tari babu. Tabarau ya hango wani tsohon ɗan dako da suka yi zamani tare a tasha, ya miƙe tsaye, baki buɗe, hula a hannu.

Dattijo ya kama ƙarfen akwati ya tashi.

"Mai Shari'a, akawuna ya tsufa. Son da yake mini ya sa shi ƙarya bayan ya rantse. A yafe masa. A ba ni takardar."

"Ranka ya daɗe, zauna!" in ji Lauya.

"Kai zauna."

Alƙaliya ta dube shi ta saman tabarau ɗinta, ta yi wa masinja alama. Aka kai masa. Ya ciro tabarau daga aljihu ya maƙala, ya lashi yatsa, ya buɗe shafin farko. Ya fara da sunan kwamiti da kwanan wata. Muryarsa ta zaure ce, wadda ake ji har waje. Yatsansa na bin layi. Ya faɗi tsawon gadar da faɗinta, da shekarar da aka gina ta, da kaurin rodin. Ya kai ƙarshen shafi ya juya daidai inda ya kamata.

Tabarau ya kasa kunne. Karatunsa ne yake fitowa daga bakin Dattijo. Inda yake tsayawa ya haɗiyi yawu, nan Dattijo ya tsaya. Lambar nan mai tsawo da yake ja a hankali, haka Dattijo ya ja ta. Har ƙarar buɗe shafi ya haddace. Sai yanzu ya gane abin da tsohon ke yi a ɗakin ziyara da yake cewa a sake. Tun ranar farko ya san wata rana bakin akawunsa zai buɗe, ya shirya, kuma da muryar akawun ya shirya.

A shafi na huɗu Alƙaliya ta ce ya isa. 'Yan dako suka ɓarke da tafi, masinja ya yi ta buga tebur. Daga hagu wata mata ta ce da ƙarfi, "Ashe ya karanta! Ya karanta ya sa hannu. Allah ya isa!" Lauyan gwamnati ya koma ya zauna ya harɗe hannuwa. An gama masa aikinsa.

"Haddacewa ya yi!" Tabarau bai san muryarsa na kai haka ba. "Mai Shari'a, ni na karanta masa a kurkuku, ya fi sau ashirin, a tambayi gandiroba! A ba shi wata takardar! Kowace ce!"

Lauya ya miƙe ya roƙi haka, lauyan gwamnati ya miƙe ya ce bai yarda ba, Alƙaliya ta zaunar da su duka. Ta daɗe tana kallon Dattijo. Sannan ta miƙa hannu kan teburin magatakarda ta ɗauko jaridar ranar, ta ba masinja.

"Dattijo, saurare ni da kyau. Ba zan tilasta maka ba. In ka karɓi jaridar nan ka kasa, kotu za ta rubuta ka kasa, kuma hakan zai taimake ka. In ka ƙi karɓa, abin da kunnena ya ji yanzu shi zan rubuta. Ka fi ni sanin inda zai kai ka."

Masinja ya tsaya a gaban akwatin, hannu a miƙe.

"Baba, don Allah," in ji Likita daga bencin gaba. "Don Allah, Baba."

"Maigida, karɓi," in ji Tabarau. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. "Layi ɗaya ne. Ka duba ka ce ka kasa, mu tafi gida."

Dattijo ya ajiye rahoton a kan katako. Numfashinsa na fita da ƙara. Ya dubi dangin mamatan, ya dubi can baya inda 'yan dako ke tsaye suna jira ya karɓa ya kunyata kowa kamar yadda ya saba. Bai dubi akawunsa ba. Ya mayar da hannuwansa biyu baya ya haɗa su.

"Ba zan karɓa ba."